Tagar Rufi Mai Jin Magana: Amsar Da Muka Ba Tsohon Ɗalibinmu

 

A watan nan mun yi niyyar mu yi magana a kan kuɗin makaranta, sai wani saƙo ya zo ya sha gabanmu. Wani tsohon ɗalibinmu ne ya aiko, yaron kirki, wanda yau shekara goma sha ɗaya ke nan yana aiki a Hamburg ta ƙasar Jamus. Kamar yawancin 'yan uwanmu da ke can, duk abin da ya samu gida yake turowa, kuma yanzu ginin da yake yi wa mahaifiyarsa a nan Kumasi ya kai ga rufi. A ɗakin da yake haya a can, in ji shi, akwai wata taga a jikin rufi wadda ke buɗe kanta, ta rufe kanta idan an fara ruwa, labulenta kuma ya sauka idan ka yi masa magana. To, shi ne yake so ya sayo irinta guda biyu ya sa a kwantena, domin Hajiya ƙafa ta fara ba ta wahala, ba ta iya tashi kowane lokaci ta ja labule. Ya ce, Malam, ku ba ni shawara kafin in biya kuɗi.

Mun ga ya kamata mu kawo amsar nan fili, saboda ba shi kaɗai ba ne. Daga Aboabo zuwa Nima, da wuya ka sami layin da babu gidan da wani na waje yake ginawa, kuma kayan da ake cika kwantena da su ba duka ne ke dacewa da ƙasarmu ba.

Bari mu fara da asalin abin. Kamfanin da ya fi suna a wannan sana'a shi ne Velux na ƙasar Danmak, wanda wani injiniya mai suna Villum Kann Rasmussen ya kafa a 1941. Sunan ma kansa haɗi ne na kalmomi biyu, ɗaya tana nufin shigar iska, ɗaya kuma haske. Mu malaman makaranta muna da ɗan abin alfahari a nan, don kuwa a makarantu aka fara kafa tagogin nan, aka mai da wuraren da ke ƙarƙashin rufi, waɗanda da duhu ne kawai da tarkace, suka zama azuzuwa. Amma a lura da ƙasar da aka yi wannan dabara. Birnin Kopenhagen yana wajen digiri 55 arewa da tsakiyar duniya. A watan Disamba yininsu kimanin awa bakwai ne kawai, rana kuma ko da tsaka ba ta ɗagowa sama sosai, tana can gefe kamar hantsinmu. Mutumin da ke wannan hali neman rana yake yi ido rufe, kowane ɗan haske da zafi ya samu riba ce gare shi.

Mu fa? Kumasi ba ta kai digiri 7 ba, Akra ba ta kai 6 ba, Tamale kuwa 9 da ɗan wani abu. Sau biyu a shekara, wajen farkon Afrilu da farkon Satumba, rana takan tsaya daidai bisa kanmu a nan Kumasi. Mukan fitar da yara fili da tsakar rana a irin waɗannan kwanaki su nemi inuwarsu, sai su tarar tana ƙarƙashin ƙafafunsu. Ma'anar wannan ga mai gini ita ce, a ƙasarmu rufi shi ne ya fi kowane sashe na gida shan rana. Bature yana iya sa tagarsa a gefen rufin da ke kallon arewa ya tsira daga zafi. Mu ba mu da wannan mafita, kowane gefe ka juya rana za ta same shi.

Ga ɗan lissafi irin na aji shida. Idan sama ta yi garau da tsakar rana, zafin da ke sauka a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya ya kai kimanin wat 1000. Gilashi mai ruɓi biyu irin na yau da kullum yakan bar rabin wannan ko fiye ya wuce ciki. Jikin babban mutum da ke zaune kuwa yana fitar da kimanin wat 100. Watau taga ɗaya mai wannan girma, in ba a kare ta ba, tamkar ka shigar da ƙarti biyar ne cikin ɗakin Hajiya su zauna tun daga hantsi har la'asar. Biyu kuma, ƙarti goma. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, haka nan kowa ya huda rufinsa ya sa gilashi ya san ya gayyato rana.

Kada a ce mun kushe abin gaba ɗaya. Yana da amfani na gaske, kuma amfanin a wajen iska yake. Iska mai zafi sama take tashi, ta taru a ƙarƙashin rufi ta rasa hanyar fita, shi ya sa ɗakin kwano yakan zama kamar tanda har bayan sallar isha'i alhali waje ya riga ya yi sanyi. Idan akwai kafa a can sama, aka buɗe ta da dare tare da taga ta ƙasa, zafin zai fice ta sama, sanyin waje ya shigo ta ƙasa, ba tare da fanka ba. Kakanninmu sun san wannan tun kafin a haifi Rasmussen. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa a Kano ko Zinder ya ga 'yan ƙananan tagogin nan da ake bari can kusa da rufi, ga bango mai kauri da ke hana zafin rana shiga. Bambancin kawai shi ne su a jikin bango suke hudawa, inda rana ba ta dukan wurin kai tsaye, ruwa kuma ba ya kwanciya. Har ila yau tagar rufi tana da rana a wurin da babu bangon da ke kallon waje, kamar matakalar bene ko wani lungu na tsakiyar gida da ake kunna wa fitila da rana tsaka.

Saboda haka abu na farko da muka gaya wa ɗalibin namu shi ne, kafin ya yi zancen magana da taga, ya fara yin zancen labule, kuma labulen waje. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Labulen ciki, komai kaurinsa, yana tare haske ne bayan zafin ya riga ya ratsa gilashi ya shigo ɗaki. Zai yi maka duhu ka yi barci, amma shi kansa zai ɗau zafi ya riƙa sakewa a ɗaki. Na waje kuwa, ko na raga mai duhu ko na ƙarfe mai naɗewa, yana tare ranar tun ba ta taɓa gilashin ba. A Turai wannan zaɓi ne, wanda ya ga dama ya saya. A nan ƙasar, mu a ganinmu, wanda ba shi da kuɗin labulen waje to ba shi da kuɗin tagar rufi, gara ya haƙura. Na ƙarfen yana da wani ƙarin amfani, yana rage ƙarar ruwan sama a kan gilashi, yana kuma ba ɓarawo wahala. Sa'an nan a haɗa da ragar sauro, don tagar da za a bari a buɗe da dare ba raga, ai an yi wa zazzaɓin cizon sauro shimfiɗa ne.

Abu na biyu shi ne rufin kansa. Tagogin da ke juyawa a tsakiyarsu, waɗanda su ne aka fi sani, ana kafa su ne a rufin da gangarensa ya kai digiri 15 ko fiye. To ga shi yanzu yayin da ake yi a garuruwanmu shi ne rufin nan da ake ɓoye kwanon a bayan bango, wanda kusan a kwance yake. Irin wannan rufi yana da tasa tagar dabam, ba a sa masa waccan. Kuma kowace taga tana zuwa da wasu ƙarafa da ake kewaye ta da su don su kore ruwa, an ƙera su daidai da irin abin da aka yi rufin da shi. Na rufin tayil dabam, na kwano mai tudu da kwari dabam. In aka sayo wanda bai dace ba, kafinta zai cike gibin da roba ko kwalta, shekara ɗaya ko biyu rana ta busar da ita, ruwan watan Yuni ya sami hanya. Mun taɓa ganin haka a gidan wani abokin aikinmu, ba ma taga mai inji ba, ɗan farin kwano ne kawai aka sa don haske. Damina biyu silin ya ruɓe ya faɗo a kan gado, Allah ya kiyaye ba kowa a ɗakin. Don haka muka ce wa yaron ya nemi maginin ya auna gangaren rufin ya faɗa masa da lamba, ya kuma ɗauki hoton kwanon ya nuna wa masu sayarwa. Gilashin ciki kuma ya zama mai manne, irin wanda ko ya fashe ba ya zubowa, tun da a kan mutane yake.

Sai maganar wuta. Tagogin nan masu inji iri biyu ne. Akwai wadda ake ja wa waya daga wutar gida, akwai kuma wadda ke da ɗan faranti mai ɗaukar hasken rana a waje da batir a cikinta. Injin yana tura tagar da wata 'yar sarƙa ta buɗe kimanin santimita 20, kuma dukansu suna da na'urar da ke jin saukar ruwa ta rufe tagar da kanta. Wanda ya zauna a ƙasar nan a shekarun dumsor, musamman 2015, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A Kumasi sau nawa hadari ke tasowa da iska, wuta ta ɗauke kafin ɗigon farko ya sauka? Tagar da ta dogara da wutar gida a wannan lokaci a buɗe za ta tsaya, na'urar jin ruwan ba ta da abin da za ta ja injin da shi, tagar kuma tana can sama inda hannun tsohuwa ba ya kaiwa. Mai batir ba ruwanta da wannan. Rana kuwa, ita ce abin da ba mu rasa ba. Illarta biyu: batirin yana tsufa bayan wasu shekaru sai an canja, saboda haka a tambaya tun yanzu ina za a sami wani, kuma ƙurar hunturu tana rufe farantin, dole a sami yaron da zai riƙa gogewa. Ga 'yan uwanmu da ke Amurka kuma, a tuna wutarsu 120 ce, tamu 230. Kayan da aka saya a Bronx aka kawo nan aka soka a bango, hayaƙi ne zai biyo baya. Na Jamus da Ingila sun dace da wutarmu, sai dai na Jamus a canja masa kan filogi.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi ba ɗalibin namu sha'awa, watau magana. Mutane suna zaton taga ce ke jin magana. Ba ita ba ce. Ga yadda abin yake tafiya: ka yi magana, wata 'yar lasifika da ke ɗaki ko wayar hannunka ta ɗauka, ta tura ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya yi ta, can a wata ƙasa. Can ne ake fassara abin da ka ce, a maido da umarni ta intanet zuwa wani ɗan akwati da ke gidanka, shi kuma ya aika wa injin tagar ta iska kamar rediyo. Ku ƙirga hannuwan da saƙon ya bi. Lasifika tana son wuta, na'urar intanet ta gida tana son wuta da kuɗin data, akwatin yana son wuta. Ɗaya ya faɗi, magana ta faɗi. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet guda huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a wajen gaɓar Kodebuwa, Ghana da Nijeriya da maƙwabta suka kwana da yini cikin wahalar sadarwa, an ɗauki makonni kafin a gama gyara. Wanda tagarsa ba ta da wata hanya sai ta baki, a wannan mako sai dai ya yi ta kiran ta tana kallonsa. Rimot da maɓallin bango kuwa kai tsaye suke magana da injin, ba su bi ta kowace ƙasa.

Masu jin maganar da aka fi sani uku ne: Alexa ta kamfanin Amazon, wadda ta fito a 2014, da Siri ta Apple, da kuma ta Google. Ba kowace taga ce ke shiri da kowannensu ba. Tsarin da Velux ya fitar a 2018 tare da kamfanin Netatmo na Faransa an yi shi ne ya yi aiki da na Apple da na Google, kuma yana da na'urar da ke auna zafi da laima da gurɓatar iskar ɗaki ta buɗe tagar da kanta. Kamfanin Somfy, shi ma na Faransa, wanda ya shahara da injinan labule, yana da nasa akwatin mai suna TaHoma. Saboda wannan rarrabuwa ne manyan kamfanonin suka haɗu suka fitar da wata ƙa'ida guda mai suna Matter a watan Oktoba 2022, don kayan wannan su fahimci na wancan, kuma labule yana cikin abubuwan da ta ƙunsa tun farko. Mai saye ya duba jikin kwali da idonsa ya ga sunan wanda yake da shi a rubuce, kada ya dogara da bakin mai kanti.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a talla. Kamfani yana iya rufe kwamfutocinsa. A 2016 an kashe wani akwati mai suna Revolv, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ya zama kwalin banza. A Afrilu 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe nasa ba sanarwa, sai da wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗa kuɗi suka sayi kamfanin kafin abin ya dawo. Taga ana sa ta ne don shekara ashirin ko talatin. Wace wayar hannu ce a cikinmu ta kai shekara goma?

Amma duk wannan ƙarami ne a kan tambayar da muka yi masa daga ƙarshe, wadda ta sa ya yi shiru a waya. Muka ce, da wane harshe Hajiya za ta yi wa tagar magana? Mun san ta, Hausa take ji da Tuwi, sai Larabcin salla. Alexa tana jin Turanci da Faransanci da Jamusanci, tun 2021 ma tana jin Larabcin ƙasashen Gulf, amma ba ta jin Hausa. Siri ma haka. Gaskiya ne an sami ci gaba: Google ya sa Hausa a cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, a 2024 kuma ya ƙara Hausa da Tuwi a cikin harsunan da za ka iya yin bincike da baki a waya. Sai dai bincike a waya dabam, ba labule umarni dabam. Ko mu da muka yi kwalejin horon malamai, Turancinmu na nan ƙasar wani lokaci sai mun maimaita sau uku kafin waya ta gane. Ku yi tunanin dattijuwa mai shekara saba'in tana zaune a kan darduma, ana koya mata ta kira sunan wata Baturiya ta roƙe ta da Turanci ta sauke labule. Jikoki za su sha dariya kwana biyu, daga nan a cire filogin a sa cajin waya.

Ga kuma zancen sirri, wanda mu a Zango bai kamata mu yi wasa da shi ba. Lasifikar nan kunnenta a buɗe yake dare da rana tana jiran a kira sunanta, kuma takan yi kuskure ta ɗauka an kira ta alhali hira ake yi. A 2019 aka bayyana cewa akwai ma'aikatan da Amazon ke biya su saurari wasu daga cikin maganganun da aka ɗauka don a gyara na'urar, daga baya Google da Apple ma suka amsa cewa suna yin irin haka. Ɗakin uwa a gidajenmu nan ne ake sasanta aure, nan ake zancen gado da bashi. Kafin a ajiye kunnen baƙo a wurin, ya kamata a tambayi mai ɗakin, a kuma yi mata bayani da harshen da take ji. Sa'an nan na'urar da ba a saita ta da kyau ba ba ta tantance mai gida da baƙo, duk wanda ya ɗaga murya kusa da ita zai iya ba ta umarni, har da yaron maƙwabta.

To me muka ce ya yi? Mun ce a ɗakin Hajiya kada ya huda rufi sam. Ya sa silin mai kyau da abin tare zafi a bayansa, ya faɗaɗa tagogin bango masu louba a ɓangarori biyu don iska ta ratsa, ya bar kafofi masu raga can sama kusa da silin. Idan labule ne ke ba ta wahala, akwai labulen tagar bango mai inji da batir, da maɓalli guda wanda za a manna a jikin gadonta: sama, ƙasa, tsaya. Wannan ba ya son intanet, ba ya son Turanci. Tagar rufi kuwa, in har ransa yana so, ya sayi ɗaya tak ya sa a kan matakalar bene inda duhu yake kuma zafin gidan duka yake taruwa, mai batir da hasken rana, da labulen waje, da ragar sauro, da ƙarafan da suka dace da kwanonsa, da rimot biyu don ɗaya zai ɓace. Akwatin magana ana iya ƙara shi daga baya a duk ranar da aka ga dama, ba sai an taɓa tagar ba, saboda haka babu gaggawa. Kuma ya tambayi masu sayarwa a rubuce ko garantinsu yana aiki idan kayan sun bar Turai, ya kuma nemo tun yanzu wanda zai hau ya gyara idan injin ya tsaya, don ba kowane mai aikin wuta ne ya taɓa ganin cikinsa ba.

Ya ce zai yi shawara da Hajiya. Bayan kwana uku ya sake kiranmu yana dariya, ya ce ta saurare shi har ya gama, sa'an nan ta ce ita dai in da hali a fara haƙa mata rijiyar burtsatse, don famfon unguwarsu sai ya yi kwana huɗu bai kawo ruwa ba. An riga an kira masu haƙa, za su zo auna wuri ranar Asabar.

Zancen kuɗin makaranta yana nan, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.